Shin Ko Kun San? Talabijin Mai Majigi A Cikinsa

Shin ko kun san ƙaton talabijin ɗin nan mai kai wa babban mutum ƙirji, mai 'yan tayoyi a ƙasa, wanda akan girke gaban benci a wasu gidajen kallon ƙwallo da gidajen gem, yawancin cikinsa fayau yake? Ƙwarai kuwa, fayau! A kwance bayansa a leƙa. Iska ce, sai wani madubi a jingine. Duk aikin yana can ƙasa, kusa da tayoyin.

To me ke ƙasan? Majigi ne sukutum. Dattawa sun san motar majigi, wadda ke zuwa gari ta kafa farin ƙyalle, ta harbo haske daga bayan 'yan kallo. Wannan kuwa an juya lamarin. An ɗauki majigin an kulle shi cikin akwati. Yana harba hoto sama, madubi ya tare, ya juyo da shi kan allon ta baya. Ku kuna zaune a gaba, hoton yana zuwar muku daga ciki.

Ku ƙara matsowa. A irin na farko, ba kwalbar hoto ɗaya ce a ciki ba. Uku ne! Ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗiya. Kowace yawanci inci 7 ce kacal. Kowace tana zana wasan gaba ɗaya da launinta ita kaɗai, sai a kan allo su haɗu su zama hoto guda. Koriyar ciyawar fili, jar rigar ɗan wasa, farar ƙwallo, duk daga 'yan kwalaben nan uku suke fitowa.

Kuma akwai ruwa a ciki. Na ce ruwa! Kwalaben suna ƙuna da haske mai tsanani, zafinsu ya isa ya lalata su, shi ya sa aka zuba wani ruwa mai yauƙi tsakanin fuskar kowace kwalba da gilashinta. Dangin ruwan da ake sa wa lagireton mota ne a ƙasashen sanyi. In ya tsufa yakan yi dishi-dishi, hoto ya dushe, sai mai gyara ya tsiyaye shi ya zuba sabo. Talabijin da ake canza wa ruwa! Ƙarfin lantarkin da ke shiga kwalaben kuma yana kai wajen bolt 30,000. Don haka ban da gwanin gyara, kada kowa ya sa hannu, ko da an cire soket.

Me ya sa aka sha wannan wahala? Saboda nauyin gilashi. Talabijin mai doro na gida kwalba ɗaya ce babba, kuma duk incin da aka ƙara mata, dole a ƙara kaurin gilashin don kada ta fashe. Kamfanin Sony ya gwada kai ta ƙarshe a 1989. Ya ƙera mai inci 43. Nauyinta kusan kilo 200, wato buhun siminti huɗu! Kuɗinta a Amurka dala 40,000. Ƙalilan aka sayar. Shekaru da yawa bayan haka aka gano guda ɗaya tana nan da ranta a saman benen wani gidan abinci a birnin Osaka na Japan. Daga nan kun ga dalili. Wanda ke son inci 50 ko 60 a wancan zamani, sai dai majigi da madubi.

Kuna tsammanin sabuwar dabara ce? Ina! Tun 1947 kamfanin RCA na Amurka ya fitar da irinsa, mai allo inci 15 a tsaye, 20 a kwance. Ku lissafa. Gidan talabijin na farko a Najeriya sai 1959 aka buɗe shi a Ibadan. Na Kaduna sai 1962. Hoto mai launi kuwa, maƙwabtanmu na Jos ne suka fara watsa shi a ƙasar nan, a tsakiyar shekarun 1970. Ashe tun kafin wani a Kafanchan ya ɗaura eriya a kan dogon gora, wannan akwati yana duniya.

Mu nan yawanci a gwanjo muka san shi. Turawa sun sauya nasu, jiragen ruwa suka kwaso, kasuwar Alaba ta Legas ta karɓa, daga nan manyan motoci suka yi arewa da su. Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya tun 1927, garin da layin dogo ya rabu zuwa Kaduna da Jos da Inugu, ai ya saba ganin baƙon kaya. Amma wannan baƙon da sharuɗɗansa yake zuwa. Na Amurka an yi shi ne don wuta mai bolt 120. Tamu 230 ce. A jona shi kai tsaye, sai hayaƙi! Dole a nemo taransifomar rage wuta. Tsarin launi ma ya bambanta: su NTSC, mu PAL. Kun taɓa ganin an kunna gem sai ya fito fari da baƙi, yara suna ta murɗa waya? Sau da yawa ba wayar ba ce. Tsarin biyu ne suka ƙi jituwa.

Yanzu ga lissafi mai daɗi. Allo mai inci 60 faɗinsa santimita 133, tsayinsa 75. Ku kwatanta da mai inci 21 da aka saba gani a gidajen gem na unguwannin Takau ko Katsit ko Aduwan. Mutum zai ce ninki uku ne. A'a! Filin hotonsa ya haura ninki bakwai. Bakwai! Shi ya sa in aka jona masa PlayStation, ɗakin kan cika. Mutum biyu ne riƙe da hannun gem, amma ashirin ke kallo, kowa da ƙungiyarsa, kowa da shawararsa. "Ba shi fas mana!" "Kai, buga!" "Wanda aka ci ya tashi!" A wurin da ɗan Bajju da ɗan Atyap da ɗan Ham da Bahaushe da Bafulatani da ɗan Ibo ke zama benci ɗaya, duk da Hausa ake wannan ihun. A ganina babban alherin allon ke nan. Ya mai da wasan mutum biyu ya zama na taro.

Shin kun lura wanda ke zaune ya fi wanda ke tsaye ganin hoton da kyau? Ba idonku ba ne. Allon ne aka yi shi haka. Falle biyu ne a manne. Na ciki yana da zobba siraran gaske, zobe cikin zobe, aikinsa ya miƙar da haske. Na waje yana da 'yan layuka a tsaye, ku sa farce za ku ji su, aikinsu su watsa hasken dama da hagu. Sama da ƙasa kuwa an matse shi. Yaron da ya hau benci a baya don ya leƙa ta kan manya, shi ke samun hoto mafi duhu. Da ya durƙusa daidai tsakiyar allo, sai komai ya washe.

Fallen cikin nan kuma yana da tarihi. Wani Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel ne ya ƙirƙiro irin gilashin a farkon shekarun 1820, don hasumiyoyin da ke haska wa jiragen ruwa hanya da dare. Dabarar bakin teku, ga ta a ɗakin gem ƙarƙashin duwatsun Kagoro!

To ga abin al'ajabi. Gem ne ya fi kowa son wannan talabijin, gem ne kuma ya fi kowa cutar da shi. Kun san ɗan akwatin nan na saman allo mai nuna ci da minti? Da taswirar 'yan wasa ta ƙasa a gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven? Ba sa motsi. Safe zuwa dare suna wuri ɗaya. Sinadarin da ke haske a fuskar kwalaben sai ya ƙone a daidai wurin. Bayan watanni, a sa fim ɗin Hausa, a sa labarai, a sa bidiyon biki, inuwar akwatin ci tana nan a kusurwa. Ta zauna ke nan. Ba goge ta ake yi ba, sai an canza kwalba. Tambarin tashar ƙwallo ma haka yake yi a gidajen kallo.

Kamfanonin gem sun san da haka tun tuni. Nintendo da Sony duk sun buga gargaɗi a 'yan littattafan da ke zuwa cikin kwalin na'urorinsu, suna jan kunne a kan jona su da irin wannan talabijin. Amma wa ya ga littafin? Na'urar da ta iso a gwanjo, daga ita sai waya da hannu ɗaya.

Akwai wata kuma. Kun taɓa ganin ɗan wasa da jan layi a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya gefen? Kwalaben nan uku ne suka saɓa saiti. Dole hotunansu su faɗi daidai kan juna, ɗigo kan ɗigo. Girgizar mota a hanyar Kwoi ko ta Gidan Waya ta isa ta karkatar da su. Ku riƙe wannan da kyau: ko juya akwatin aka yi daga fuskantar gabas zuwa arewa, saitin na iya ɗan gocewa, saboda maganaɗisun duniya da kansa yana jan harbin lantarkin da ke cikin kwalaben. Duniyar da muke takawa tana taɓa hoton ƙwallo! Don haka kamfanoni suka sa maɓalli na musamman. Hitachi ya kira nasa Magic Focus, Sony ya kira nasa Flash Focus. A danna, layuka su yi ta walƙiya a allo, akwatin ya gyara kansa. In ya ƙi gyaruwa, tsofaffin masu gyara sun san inda za su dosa: wasu 'yan baƙaƙen sassa masu lamba STK392, su ne suka fi yawan ƙonewa.

Sai zamani ya juya. Nan ne ma labarin ya fi daɗi.

A 1987, wani injiniya mai suna Larry Hornbeck a kamfanin Texas Instruments ya ƙera wani ɗan guntu da bai kai faɗin tafin hannu ba. Fuskarsa madubai ce zalla. Ƙanana ƙwarai, a irin da aka ƙera daga baya har kusan 100 za su jeru a cikin milimita ɗaya. Kowane madubi yana kan 'yar maƙalarsa. Kowane yana karkata dama ko hagu da digiri 10 ko 12, sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Ya karkata nan, haske ya tafi allo, ɗigo ya yi fari. Ya karkata can, haske ya ɓace, ɗigo ya yi baƙi. Sunan fasahar DLP. Da ta shiga talabijin a farkon shekarun 2000, kwalabe uku suka tafi, ruwa ya tafi, akwati ya rame, mutum biyu suna iya ɗaga shi. Abin da ya fi faranta ran 'yan gem kuwa: madubi ba ya ƙonewa. A bar akwatin ci a allo shekara guda, ba zai bar tabo ba.

Madubai nawa? Ku zauna sosai. Cikakken hoto mai tsabta yana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye. A ninka: 2,073,600. Miliyan biyu da ɗoriya! Hoton tsohon tsarinmu na PAL kuwa 720 ne sau 576, wato 414,720. Ku raba ku gani. Ninki biyar cif, ba ragi ba ƙari.

Wannan ne ya sa PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 aka sayar da fiye da miliyan 150, take nuna 'yan wasa da ɗan kaushi-kaushi a ƙaton allo. Ɗigoginta kaɗan ne, an ja su sun baje. Da Xbox 360 ta zo a 2005, PlayStation 3 ta biyo a 2006 da gurbin wayar HDMI, sai allo ya samu abincinsa. Lambar riga, zufar goshi, ramukan raga, duk suka fito ƙarara.

Ga wata dabara da ta fi ba ni mamaki. Da yawa daga cikin talabijin ɗin nan rabin madubin kawai gare su, 1,036,800. To ina sauran ɗigogin? Akwai wani ɗan madubi daban da ke karkarwa. Ya zana rabin hoto, ya gusa da rabin ɗigo, ya zana sauran rabin. Zane 120 a daƙiƙa. Ido ba ya iya bin sawu, sai ya haɗa su ya ga hoto ɗaya cikakke.

Launi fa, tunda madubi ba shi da launi? Faifai ne! Wani ɗan faifan gilashi mai yanki ja, kore da shuɗi yana juyawa gaban fitila, sau 7,200 ko fiye a minti. Ke nan a kowane ƙiftawa launi ɗaya ne tak a kan allon. Ƙwaƙwalwarku ce ke haɗa su. Wasu mutane idonsu na da saurin da in suka waiga farat ɗaya sukan hango ɗan bakan gizo a gefen farin abu. Na kusa da su bai ga komai ba. Mutum biyu, allo ɗaya, kowa da abin da ya gani, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Yanzu maganar fanareti. Gem mai gudu yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa. Kowane hoto bai cika kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Wasu talabijin na DLP na farko sukan tsaya gyara hoton tsohuwar na'ura kafin su nuna shi, sai ya makara da hoto uku, huɗu ko fiye. Ɗan kallo ba zai lura ba. Mai riƙe da hannun gem kuwa a yatsansa yake ji. Ya danna, ɗan wasa ya yi nawa. In kun taɓa jin yaro yana rantsuwa cewa ya danna tun tuni, to mai yiwuwa yana da gaskiya! Ƙorafin ya yi yawa har kamfanoni irin su Samsung suka ƙara wani saiti na gem, wanda ke kashe kwalliyar hoto don ya iso da wuri. Irin wannan saitin yana cikin yawancin talabijin na yau. Ku duba rimot ɗinku.

Kun tuna bindigar harbin agwagwa? Ta gem mai kaset, wadda ake nuna wa allo a ja kunama? Asalin wasan na Nintendo ne, tun 1984. A jona ta da talabijin na DLP ko na bango, a yi ta harbi, agwagwa ko gezau. Bindigar ba ta harba komai. Kallo take yi. Tana jiran wani farin tabo ya bayyana a daidai ƙiftawar da aka ja kunama, kuma tsohuwar kwalba ce kaɗai ke zuwa a kan lokacin.

Masu kwamfuta ma sun shigo ciki. Allon tebur a lokacin inci 17 ne ko 19. Sai ga inci 60 mai karɓar wayar kwamfuta! Wasan tsere, wasan tuƙa jirgin sama, duk suka koma girman bango. Matsala ɗaya: talabijin ya saba yanke gefen hoto kaɗan, sai layin ƙasa na Windows ya ɓuya, a yi ta neman inda za a danna. Dole a shiga saiti a ɗan rage hoton. Tun 2007 kuma Samsung da Mitsubishi suna sayar da masu iya nuna hoto mai zurfi, wanda ake sa tabarau a ga mota kamar za ta fito. Shekara biyu ke nan kafin fim ɗin Avatar ya sa duniya haukan tabarau a 2009.

To amma ga inda ƙasarmu ta gwada shi. Fitilar! Ƙwai ɗaya ne ke haska duk allon. Kamfanin Philips ne ya fito da irinsa a 1995. Tsakanin bakunan wutarsa biyu kusan milimita ɗaya ne, matsin da ke cikinsa kuwa in ya yi zafi ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa. Kamfanoni kan ce zai yi sa'a 6,000 zuwa 8,000. Gidan gem mai buɗewa sa'a 12 kullum zai cinye 6,000 cikin kwana 500. Wannan ma in an bi ƙa'ida ke nan. Ƙa'idar ita ce in an kashe talabijin, fanka ta ci gaba da juyawa har ƙwan ya huce. To in aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa fa? Fanka ta tsaya cak, ƙwai na tafasa. A ruga a ja janareto, a kunna shi da zafinsa. Yau haka, gobe haka. Wata rana sai a ji fas!

Sannan hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura na bin fanka ta shiga ciki, ta kwanta kan gilasai da madubi. Hoto ya yi hazo, mai gida ya ɗauka talabijin ya mutu. Sau da yawa shara kawai yake so. Amma a yi hattara da madubin: azurfarsa a fuska take, ba a bayan gilashi ba kamar na ɗaki. A goge shi da tsumma mai kaushi, ya karce har abada.

Ko bayan ya mutu, abin mamakinsa bai ƙare ba. In kun ga gawarsa wajen 'yan gwangwan, ku dubi fallen nan mai zobba. A ɗaga shi a rana, ya tattara hasken kusan murabba'in mita guda ya zuba a ɗan wuri. Katako na kamawa da wuta cikin daƙiƙoƙi. Ƙananan ƙarafa na narkewa. Akwai masu dafa abinci da shi! Don Allah a nisanta shi da yara, kada kuma a jingine shi inda rana za ta same shi. Ƙwan fitilar na ɗauke da sinadarin makuri, gilashin kwalaben kuma da dalma, duka guba ne, ba abin fasawa a tsakar gida ba ne.

Madubin Hornbeck kuwa suna nan daram. Su ne ke cikin yawancin majigin gidajen sinima na duniya a yau, da majigi da yawa da ake haska wa bango a coci, a makaranta, a gidan kallo. A 2015 aka ba shi kyautar Oscar. Injiniya, ba ɗan fim ba!

Akwatin ne dai ya sha kaye a hannun talabijin na bango, da farashinsu ya faɗo. Sony ya sanar da daina yin sa a Disambar 2007. Mitsubishi ya dage. A 2008 ya fitar da mai inci 65 wanda hasken leza ke haskawa a madadin ƙwai, kusan dala 7,000. A Disambar 2012 shi ma ya rufe babin. Amma kafin ya rufe, a 2011, ya saki mai inci 92. Casa'in da biyu! Faɗin allonsa santimita 204, tsayi 115. Talabijin mai inci 21 guda 17 ne a wuri ɗaya. Ku samo awo ku auna mita biyu a bangon ɗakinku, ku kira yaran gida su zo su gani.